Ranar da Ƙasimu Ba-zama Ya Zauna

Ƙasimu taubashina ne, ɗan Goggo Ruƙayyatu. Ubana da uwatai ciki ɗaya sunka fito, ni ɗan namiji, shi ɗan mace, ke nan ko gaban alƙali anka je bawana ne, duk da shi yana cewa bai taɓa ganin ubangidan da ke aron takalmin bawanai ba. Ƙauyenmu yana bakin gulbin Rima, in ka baro Goronyo ka nufo Wurno. Duk wanda ka tambaya gidan Ƙasimu zai ce ma wane Ƙasimun. Ka ce Ba-zama. Nan take za a nuna ma gidan, a kuma gaya ma ba ya nan.

Sunan bai zo mai a banza ba. Ranar da anka haife shi, ungozoma ta juya ta ɗauko reza, ko da ta waiwayo jariri ya kai bakin ƙofa. Inno, kakarmu, takan ce ni na ƙara wannan, amma ita ma ba ta musun cewa bai taɓa yarda da goyo ba. Tare munka shiga firamare. Ni na daure har aji biyu na sakandare kafin injin kaina ya buga, shi ya sa nake iya rubuta muku wanga labari. Shi kuwa tun aji huɗu ya fita, ta taga, don ƙofa ta yi mai nisa.

Daga nan babu sana'ar da bai leƙa ba. Ya koyi ɗinki a Wurno, ya ɗinka ma wani bawan Allah ƙafar wando ɗaya, ya tashi shan ruwa, bai koma ba. Ya yi kabu-kabu, sai ya kai fasinja rabin hanya ya tuna wani abu, ya juyo da shi. Ya sayi jirgi da koma zai yi su, ashe kamun kifi jira ne, shi ko jira bai san hanyar gidansu ba. Sallah kaɗai ke tsayar da shi wuri ɗaya, ita ma liman na sallamewa ka duba inda takalminai suke, wayam. Daga ƙarshe ya dace da noman albasa a fadamar ƙetaren gulbi, da ɗan injin ban ruwa, don aikin na gudu ne: ka buɗe ma wannan fangali ruwa, ka ruga ka toshe wancan. Jirgin nan na kamun kifi shi ya zama abin ƙetarawatai.

Abu ɗaya Allah ya ba shi wanda ko ni ba na musu, shi ne baki. Gatana ita ce sana'atai ta gaskiya, wadda mutanen gabas ke ce ma tatsuniya. Wurin Inno ya sha ta tun muna ƙanana. Sai dai Inno bayan cin tuwo take yi, kamar yadda anka gada, shi kuwa ba ya iya jira rana ta faɗi. Da rana tsaka, ƙarƙashin tsamiyar mashigi inda ake ɗaure jirage, nan yara ke kewaye shi, yana tsaye, yana kai da kawowa, in jaki ne a labarin sai ya zama jaki har da shuri. Inno ta sha gaya mai cewa mai gatana da rana ɓacewa yake cikin daji. Na ce mata, "Inno, kwantar da hankalinki. Wanga tun ranar suna ya ɓace, har yau ba a tsince shi ba."

Har ta kai matan gari na ba shi aikin gatana kamar yadda ake kai ma tela yadi. Surayya maƙwabciyarmu ta tare shi ta ce ɗanta ba ya son wanka. Washegari sai ga labarin yaron da dauɗa ta taru a wuyanai har kuɓewa ta tsiro, awakin gari sunka riƙa bin shi suna kiwo. Yara sunka yi ta birgima don dariya. Ɗan Surayya kuwa ya kama wanka safe, rana da yamma, har uwar ta dawo tana ƙorafin sabulu. Haka ya yi ma masu satar albasa, da masu jifar karnuka, da masu tashi a bar ƙanensu yana kuka. Ba ya cewa kada ku yi kaza. Dariya kawai zai ba su, su je gida abin ya bi su.

Aibinai guda: bai taɓa kai gatana ƙarshe ba. Daidai inda abu ya yi daɗi sai ya ce, "Kai, ruwa!" ya faɗa jirgi. Gobe in yara sun ce a ƙarasa, sai ya ɗauko sabuwa. Yanzu haka akwai wata kura da ya jefa rijiya tun shekarar da anka yi babbar ambaliya, tana nan ciki tana jiran guga.

Mutum ɗaya ce duk duniya ke iya riƙe gefen rigatai ya tsaya, ɗiyatai Mahbuba. Ɗiyar fari ce, amma Ƙasimu bai san kunyar ɗan fari ba ko kaɗan. Sunanta gatsau yake kira, ya ɗora ta a wuya ya zaga gari da ita, Inno na salati tana cewa duniya ta lalace. Yarinya ce mai shiru, mai manyan idanu, kuma duk abin da ya shiga kunnenta ya samu ɗaki. In yara na dariyar gatana, ita ba ta dariya sosai. Sauraro take, kamar za a tambaye ta gobe.

Wata shekara anka sako ruwa daga dam, gulbi ya cika da sauri, ya ɗauki Mu'azu ɗan maƙwabta yana wanka. Allah ya sa masunta na kusa, sunka cafko shi da rai. Ranar nan iyaye mata sunka yi ma Ƙasimu taron dangi: a yi musu gatanar da za ta raba yara da gulbi. Ya ce an gama.

Ya ce ƙasan gulbi akwai makaranta. Hedimastanta wani tarwaɗa ne, tsawonai daga tsamiya zuwa masallaci, gashin bakinai kamar igiyar guga, shi ya sa ake ce mai Hedimasta Gashin-baki. Ɗalibai yake nema ido rufe. Duk yaron da ya sa ƙafa cikin ruwa babu babba kusa, sai ya miƙo gashin baki ya naɗe ƙafar, ya ja shi aji. Makarantar ba a fita tara, ba a tashi, babu Asabar babu Lahadi, ko ranar Sallah ana karatu. Darasin guda ne, ƙirga yashi. Abinci gansakuka, safe da yamma.

Yara sunka so labarin fiye da duk wanda ya taɓa yi, shi ya sa ya riƙa ƙara mai ɗalibai. Yau Iliyasu mai bin agwagwa, gobe Suwaiba mai wankin ƙwarya, jibi Halimatussa'adiya, wadda sunanta ya yi tsawo har sai Hedimasta ya huta a tsakiya in zai kira ta. Rannan daɗin baki ya ɗebe shi, ya ce har cikin jirgi gashin bakin ya taɓa leƙawa ya ɗauke wani Siddiƙu da ke wasa da hannu cikin ruwa. Magani ya ci. Duk ƙauyen babu yaron da ya sake tunkarar gulbi shi kaɗai. Mata sunka yi ta sa mai albarka, Ƙasimu ya riƙa tafiya yana buɗa kafaɗa kamar shi ya gina dam ɗin.

Sai Mahbuba ta isa shiga makaranta. To, firamaren da yaranmu ke zuwa tana ƙetare, bayan fadama, da jirgi ake kai su. Uwarta Sharifa ta sa anka ɗinka mata kayan makaranta, ba wurin Ƙasimu ba, alhamdu lillahi. Da safe ya riƙo hannunta har mashigi, ina biye ina yi mata kirari. Tana ganin ruwa ta kafe ƙafafu.

"Ba ni shiga."

"Ke, shigo mana, makaranta za mu."

Ban san mi ya sa bai tauna maganar ba kafin ya faɗe ta. Ga ruwa, ga makaranta, ga bakin ubanta. Ihun da yarinyar nan ta yi, na rantse har garin Rabah an ji shi. Ta fizge hannu ta zura da gudu, sai bayan Inno anka same ta, ta cusa kai cikin zane.

Ya bi ta yana lallashi. "Haba Mahbuba, ai wanda ad da babba ba a taɓa shi."

Ta leƙo da ido ɗaya. "Siddiƙu hwa? Ba cikin jirgi yake ba?"

Ƙasimu ya dube ni. Na ce, "Kada ka dube ni, bawa. Ba ni nis sa shi makaranta ba."

Munka ɗauka abin na kwana biyu ne. Ina! Sauran yara sunka ci gaba da ƙetarawa, hannuwa naɗe a ƙirji, ita ko ko hanyar mashigi ba ta bi. Har ta kai in ya ɗauki filafili zai tafi fadama sai ta fashe da kuka, wai za a kai babanta aji. Sharifa ta gaji ta kira Asabe, yayar Ƙasimu, a waya. Asabe na aure a Wurno, gidanta katanga ɗaya da makaranta, ɗiyanta duk sun girma, kuma tun ranar suna take cewa a ba ta riƙon Mahbuba. Muryarta ko ba waya ana iya jin ta daga Wurno.

"Ƙasimu, so kake ta ƙare aji huɗu irinka? Ita ko aji ɗaya ba ta gani ba! Ranar kasuwa ina tahe. In na ishe ba ta ƙetara ba, a ɗaure min kayanta."

"Yaya, ki yi min haƙuri..."

"Na gama magana."

Sharifa na bayan Asabe, kuma gaskiyarta ce. Ta ce ita ma ba son rabuwa da ɗiyarta take ba, amma ba ta zuba ido yarinya ta tashi babu karatu saboda wani kifin ƙarya. Ƙasimu ba shi da bakin musa ma yayatai. Abin da ya rage mai ke nan: ko Mahbuba ta shiga jirgi kafin ranar kasuwa, ko ta koma Wurno, ya riƙa ganinta Sallah-Sallah.

In da ba ya zama, to yanzu har tsayuwa ta gagare shi. Ya shiga gida ya fita, ya kai mashigi ya dawo, ya ɗauki loma ya aje. Tsakar gidan nan sai da ya yi mata hanya kamar ta shanu. Ya fara da faɗin gaskiya. Ya durƙusa gabanta ya ce, "Mahbuba, ƙarya ta. Babu wani Hedimasta. Ni niƙ ƙirƙiro shi da bakina."

Ta dube shi. "Shi yac ce ka ce hakanan?"

Sai ya koma dabara. Ya samo wani ƙaton ramboshi wurin masunta, irin tarwaɗar nan da sai mutum biyu, munka rataye shi a gora munka zaga gari, yana shela wai Hedimasta ya mutu. Yara na biye suna tsalle. Anka aje gaban Mahbuba. Ta matso a hankali, ta auna gashin bakin da tafin hannunta, ta girgiza kai.

"Wanga mai gadi na. Kuma in shi na, ina Suwaiba? Ina Iliyasu?"

Sharifa ta yi farfesu, yarinya ta ƙi ko kallon kwanon. Ni na taimaka na cinye rabonta, don zumunci.

Inno na zaune bisa tabarma tana jan tazbaha, duk abin nan tana kallo. Sai da ya zo wucewa ta gabanta karo na ban san adadi ba ta maƙale ƙafatai da sandarta.

"Zo nan, mijin banza. Ka san abin da kay yi?"

"Inno, na sani, gatanar rana..."

"Rana ba ruwanta. Ƙohwa kab buɗe kat tahi kab bar ta. Mu da munka yi maku gatana, ka taɓa jin mun tashi ba mu ruhe ba? A kai ƙarshe, mugu shi ga sakamakonai, na ɓoye shi hito, a ce ƙungurus, yaro shi san an gama, shi tahi shi yi kwana. Wadda ba a ruhe ba bin yaro take har shimhiɗa. Ɗiyan mutane da kat tara ƙasan ruwa, wa za ya hiddo su? Ita su take jira."

"To mi za ni yi?"

"Ka aza ɗuwawunka ƙasa ka ƙarasa. Ko ba ka da su?"

Na ce, "Inno, shina da su, sababbi hul, bai taɓa amfani da su ba."

Ya gwada, ban hana mai wannan ba. Ya zaunar da ita a zaure ya fara, sai wani babur ya wuce yana tari, kafin ka ce mi yana waje yana gaya ma mai babur fulogi ne. Ya dawo ya ishe ta tashi. Ya sake gwadawa, akuya ta shiga rumbu. Har ranar kasuwa ta zo, gatana na nan baki buɗe.

Ranar babu makaranta, kuma duk jiragen mashigi sun tafi da masu cin kasuwa, nashi kaɗai ya rage. Lokacin irin albasa ne, nashi ya fito kore shar, siriri kamar gashin jariri, irin da ruwa kaɗan yake so. Da hantsi ya ƙetara, ya cika inji da mai, ya tayar, ya saka tiyo a fangalin farko, sai ya tuna ya baro fartanya gida. Ya bar inji na aiki ya faɗo jirgi, wai yanzu zai koma. Ina ƙarƙashin tsamiya ina hutawa daga hutun da na yi da safe, ya turo hancin jirgi bisa yashi ya yi tsalle.

Sai ya ga Mahbuba. Tana tsaye can saman gaɓa, wurin da ba ta taka ba tun ranar ihu, da ɗan ƙullin kayanta a hannu.

"Inna ta ce Goggo Asabe na hanya. Na zaka in yi ma ban kwana."

Ban taɓa ganin fuskar Ƙasimu ta yi haka ba. Ya dubi ƙetare, inda inji ke tututu. Ya dubi ɗiyatai. Sai ya koma cikin jirgin, ya zauna. Da idona na gani, ya zauna.

"Zo in ƙarasa maki labarin Hedimasta. Yau har ƙarshe."

"Ka hwaɗa daga nan."

"Ƙarshen cikin jirgi yake, ba ya hitowa waje. Dubi, nan gaban bisa yashi yake, ko jiƙa babu."

Ta sauko taki ɗaya-ɗaya, ta taɓa katakon, ta duba ƙarƙashi, sannan ta hau can ƙarshen hanci ta takure, ƙullinta a cinya. Ya fara. Wai wata yarinya ce ta shiga jirgi da babanta, sunka kai tsakiyar gulbi, ta ƙwanƙwasa gefen jirgi ta yi sallama.

Ni kuwa kunnena na ƙetare. Na buga waya ma masu gona kusa da tashi, kowa na kasuwa. Na lallaɓo bayanai na raɗa mai, "Bawa, ci gaba da zuba. Ni in tura jirgin sannu-sannu, kahin ta farga kuna ƙetare. Ka kashe inji, Asabe ta koma hannu wohi."

Bai ko juyo ba. Ta gefen baki ya ce, "Shafi'u, in kat taɓa jirgin ga, da kaina za ni kai ka aji. In nic cuce ta bisa ruwa, ba ta ƙara yarda da bakina. In kana son taimako, hwaɗa ka yi iyo ka kashe."

"Ni? Ubangida ba ya iyo."

Gaskiyar magana, ni ko ruwan buta sai na yi bisimilla sau biyu. Ke nan babu mai kashe inji sai jirgin nan, jirgin kuma Mahbuba na ciki. Ko ya sauke ta a tsakiyar labari, ko ya zauna.

Ya ci gaba. Hedimasta ya taso, ruwa na zuba daga gashin bakinai, idanu jajur. Yarinya ta gaishe shi da ladabi, ta ce, ranka shi daɗe, don mi ba ka tashin ɗalibai? Sai Hedimasta ya fashe da kuka. Ya ce shi ma ya gaji, rabon shi da barci tun kafin a haifi kakanta. Yana son ya tashe su, amma ƙasan ruwa babu ƙararrawa, makaranta kuwa ba ta tashi sai an kaɗa. Ƙasimu ya ɗauko tsohon kwanon da yake kwalfe ruwan jirgi da shi, ya miƙa ma Mahbuba da guntun ƙarfe. Ta karɓa, ta buga. Kwanon ya ce ƙwal. Ta ƙara da ƙarfi.

"An tashi!" in ji Ƙasimu. "Ɗalibai sunka watse, kowa ya nuhi gida. Ƙungu..."

"Tsaya."

Ya riga ya ɗaga rabin jiki. Ya koma.

"Iliyasu bai hito ba. Ba ka ce ya hito ba."

"To, Iliyasu ya hito."

"Da agwagwatai? Wa yak kai shi gida? Mi innatai tac ce?"

Nan fa aiki ya samu mai shi. Ashe yarinyar nan ta riƙe sunan kowane ɗalibi da ya taɓa jefawa ruwa, har waɗanda shi ya manta ya yi su. Kuma ba ta yarda a sallame su jimla. Kowane sai an fito da shi, an shanya shi ya bushe, an raka shi ƙofar gida, uwatai ta yi kuka ta yi faɗa, an ba shi abinci, a faɗi ko mi ya ci. Ƙafar Ƙasimu na rawa har jirgi na kaɗawa. Gumi ya jiƙa mai riga. Hannunai ya kai ga filafili ya dawo, ya kai ya dawo.

Can na hango ruwa ya ɓalle daga fangula, yana gangarowa gaɓar ƙetare, baƙi da ƙasa, da ɗan kore-kore a samanai. Shi ma ya gani, ta saman kanta. Ya ce, "Sai Suwaiba ta ishe innarta tana daka. Tac ce, ke ina ƙwaryata?"

Mahbuba ta yi dariya. Rabon da a ji dariyarta an daɗe.

Azahar ta yi, sunka sauka ya yi sallah nan kan yashi tana riƙe da gefen rigatai, sunka koma jirgi. Siddiƙu ya fito, anka ja mai kunne kan wasa da hannu. Wasu tagwaye sunka fito. Can sai inji ya yi tari, ya yi tari, ya yi shiru, mai ya ƙare. Gulbi ya yi tsit. Ƙasimu ya rufe ido kaɗan, ya buɗe, ya fito da Halimatussa'adiya, ya kira sunanta tun daga farko har ƙarshe bai huta ba.

"Saura wa?"

Ta ƙirga da yatsu. "Babu. Shi hwa Hedimasta?"

"Ya kwanta ƙasan gulbi shina barci. Jirgi da babba ciki ko ya wuce ta samanai ba ya ji. Amma ƙahwar yaro shi kaɗai, cakulkuli take mai ga gashin baki. In ya hwalka, sai shi buɗe makaranta."

"Hannu hwa?"

"Hannu cikin jirgi."

Ta gyaɗa kai. Ƙasimu ya ja numfashi ya ce ƙungurus, karo na farko tun da uwatai ta haife shi. Sai munka ji an ce "Alhamdu lillahi" daga saman gaɓa. Inno ce dogare da sanda, gefenta Sharifa, gefenta Asabe da jakarta, ban san tun yaushe suke nan ba.

Mahbuba ba ta ko kula su ba. Ta karkata kunne.

"Baba, injinka ya yi shiru."

"Ya gaji."

"Mu je mu gani." Ta aje ƙullin kaya bisa yashi, ta rungume kwanon, ta dube ni. "Baba Shafi'u, tura."

Na tura, na kuma faɗa ciki don kada a ba ni labari. Ƙasimu ya kafa filafili zai yi irin tuƙin da ya saba, kamar wanda kada ya biyo. Ta ce, "Sannu, Baba! Shina barci." Haka munka ƙetare gulbin Rima kamar masu ɗauke da ƙwai, idonta ɗaya rufe, hannunta ɗaya cikin rigatai, ni kuma idanuna biyu rufe.

Irin albasa kam ya tafi. Fangula sun zama tabki, abin da bai bi ruwa ba ya kwanta cikin laka. Ƙasimu ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu. Mahbuba ta duba, ta duba, ta ce, "Baba, albasa ta shiga makaranta?"

"Ta shiga, ɗiyata. Ita ba ta da mai kaɗa mata."

Da munka dawo Asabe ta ce ƙetarawa ɗaya ba karatu ba ce, ita sai ta gani da idonta. Ta kwana. Ranar makaranta da safe tana tsaye a mashigi Mahbuba ta zo da kayan makaranta, ta hau jirgi cikin yara, ta gaya musu kowa ya yi magana a hankali. Asabe ta kalli jirgin har ya kai, ta share ido da gefen mayafi, ta juyo kaina.

"Kai kuma ragon banza, ɗauko babur ka mai da ni gida."

Ƙasimu ya sake zuba iri a makare, albasatai ta wannan shekara ta fito ƙanana kamar goro, na kuma tabbatar duk kasuwa ta san ta wa ce. Mahbuba na aji uku yanzu, a gidan ubanta. Kwanon nan na rataye a hancin jirgi, ba mai kwalfe ruwa da shi. Ta kuma sa uban gaba kan maganar kurar da ke rijiya, ya ce sai bayan girbi.

Labari ya kai Wurno cewa Ƙasimu ya fara ƙarasa abubuwa. Rannan sai ga wani dattijo ya sauka daga kabu-kabu, da wando mai ƙafa ɗaya naɗe a leda, yana tambayar gidan Ba-zama. Ni na nuna mai gidan da kaina. Na kuma gaya mai ba ya nan.